Motar Lantarki Da Motar Fetur: Ina Hayaƙin Yake Tafiya?

Gardamar da ake tafkawa a Turai da Amurka a kan motar lantarki da motar fetur ta daɗe, kuma har yanzu ba ta da alamar ƙarewa. Masu goyon bayan ta lantarki suna cewa ita ce maganin hayaƙin da ke ɗumama duniya, tun da ba ta da salansa balle ta yi hayaƙi. Masu suka kuwa suna cewa rufa ido ne kawai, watau an ɗauke hayaƙin daga bayan mota an kai shi tashar wuta da ramukan haƙar ma'adinai, inda idon mai saye ba ya kaiwa. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma fa nauyin hujjojinsu bai zo ɗaya ba.

Akwai kuma wasu da suke musun tushen maganar baki ɗaya, suna cewa duniya ba ta ɗumama, ko kuwa in tana ɗumama ba hannun ɗan Adam a ciki. Waɗannan su ne masu raunin hujja. Tun shekarar 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa ƙaruwar iskar kabon, wadda ke fita in an ƙona kwal ko mai, za ta ƙara wa duniya zafi. A 1958 Charles Keeling ya soma auna wannan iska a kan dutsen Mauna Loa da ke tsibirin Hawai, ya same ta wajen kashi 315 cikin miliyan. Ba a daina awon ba har yau, kuma ta haura 420, alhali kuwa kafin zamanin masana'antu wajen 280 take. Shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka soma ajiye lissafi. Wannan ba zancen ra'ayi ba ne, ma'auni ne ya faɗa.

To, ina rabon mota a ciki? Kowace lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana sakin wajen kilo 2.3 na iskar kabon. Abin takaici ma shi ne, galibin ƙarfin da ke cikin litar nan ba ya isa ƙafafun mota, zafi yake zama ya bi iska. Abin da ke tura motar bai cika kai kashi ɗaya cikin uku ba. Injin lantarki kuwa yana kai fiye da kashi uku cikin huɗu na wutar da aka ɗura masa zuwa ƙafafu. Nan ne asirin fifikonsa yake.

Amma masu suka ba su yi ƙarya ba da suka nuna batir da yatsa. Ƙera shi yana cin wuta mai yawa, saboda haka ranar da motar lantarki ta fito daga masana'anta, bashin hayaƙin da ke kanta ya fi na 'yar'uwarta mai shan fetur. Bugu da ƙari, batir yana bukatar ma'adinai irin su litiyam, wanda ake haƙowa a Ostareliya da Cile, da kuma kobal, wanda wajen kashi 70 cikin 100 nasa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa. A 2016 ƙungiyar Amnesty International ta fallasa yadda yara ƙanana suke aikin haƙar kobal a kudancin ƙasar. Lalle wannan abin kunya ne ga kamfanonin da suke tallar tsabta, kuma bai kamata a share shi da sunan ceton duniya ba. Sai dai kuma a tuna, fetur ma ba daga sama yake saukowa ba. Wanda ya san halin da ƙasar Ogoni ta shiga saboda malalar ɗanyen mai ba ya bukatar dogon bayani.

Hanyar raba gardama ita ce a haɗa lissafin duka, tun daga haƙo ƙarfe har ranar da mota ta zama kwaraɓaɓɓiya. Wata cibiyar binciken sufuri mai suna ICCT ta yi wannan lissafi a 2021. Ta gano cewa hayaƙin motar lantarki a tsawon rayuwarta ya gaza na motar fetur da kashi 66 zuwa 69 cikin 100 a Turai, da 60 zuwa 68 a Amurka, da 37 zuwa 45 a Sin, amma a Indiya 19 zuwa 34 kacal. Mota iri ɗaya ce, me ya kawo bambancin? Wutar da take sha. Indiya da Sin sun dogara ƙwarai ga kwal wajen samar da lantarki. Ƙasar Nowe kuwa kusan dukan wutarta daga madatsun ruwa take zuwa, kuma a 2024 kusan tara cikin kowaɗanne sababbin motoci goma da aka saya a can na lantarki ne. A nan Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da na dizal a 2024, ta dogara ga wutar ruwa mai arha, musamman babbar madatsarta ta kan kogin Nilu wadda aka buɗe a 2025.

Wannan shi ya sa maganar ta shafi Nijeriya ta wata fuska dabam. A takarda, wutar ƙasar nan ba ta da laifi: galibinta daga iskar gas ne, sauran kuma daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, ba kwal a ciki. Motar da aka yi wa caji da ita za ta fi ta fetur tsabta nesa ba kusa ba. Amma wutar da ke isa ga jama'a ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. In mai mota ya dawo gida ya tarar an ɗauke wuta, ya tayar da ƙaramin janareta mai shan fetur don ya cika batir, to, an gudu ba a tsira ba. Ya ƙona man da yake gudu, ta hanyar injin da bai fi na mota tattali ba, ga kuma bashin hayaƙin batir yana nan a kansa.

A taron Gilasgo na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. Janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuma ya sa direbobi da yawa suka soma tambayar abin da zai maye gurbinsa. Sai dai yawancin masu mota a ƙasar nan 'yan Kwatano suke saye, ba sababbi ba, kuma tsohuwar motar lantarki da tsohon batir take zuwa. Inda lissafin ya fi fita a yanzu shi ne babura da kekunan hawa masu ƙafa uku da ƙananan bas na cikin gari, waɗanda batirinsu ƙarami ne, suna yini a kan hanya, kuma ana iya cika su da allunan hasken rana a tasharsu ba tare da an jira wutar gwamnati ba.