Sharhi: Dusar ƙanƙara a tsaunuka, guguwa a filaye: yadda hunturu ke bankwana da Amurka

Daga watan Maris zuwa Mayu, hasashen yanayi na mako guda a Amurka kan zo da gargaɗi iri biyu a lokaci ɗaya: dusar ƙanƙara mai yawa a tsaunukan Roki, da tsawa da mahaukaciyar guguwa a filayen da ke gabas da su. Galibi hadari ɗaya ne ke haifar da duka biyun.

A wannan lokaci iska mai sanyi daga Kanada ba ta gama janyewa ba, ita kuwa iska mai ɗumi da laima daga mashigin tekun Meziko ta fara kutsowa arewa. Inda suka haɗu, gari kan kwana da zafi ya wayi da sanyi mai daskarar da ruwa. A ɓangaren sanyi dusar ƙanƙara ce ke sauka, shi ya sa Maris ne watan da birnin Denba na jihar Kolorado ya fi samunta. A ɓangaren ɗumi kuma, musamman jihohin Teksas da Oklahoma da Kansas, gizagizai kan tashi da ƙanƙara da guguwa mai juyawa.

Ga jihohin yamma, wannan dusar ƙanƙara ajiyar ruwa ce. Ma'aunin da ake ɗauka ranar 1 ga Afrilu shi ke nuna yawan ruwan da zai narke ya gangara Kogin Kolorado, wanda kimanin mutum miliyan 40 a jihohi bakwai da ƙasar Meziko suka dogara da shi. Hadari ɗaya ko biyu a ƙarshen hunturu na iya rage wa madatsun ruwa na Mid da Pawel raɗaɗin fari.

A filaye lissafin daban ne. Amurka na samun guguwa mai juyawa kusan 1,200 a shekara, kuma sun fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni. A ƙarshen Afrilun 2011 sun kashe fiye da mutum 300 a kudancin ƙasar, sannan ranar 22 ga Mayu wata ta hallaka sama da 150 a garin Joplin na jihar Misuri. Manoma ma na cikin fargaba, domin sanyin da ya makara kan lalata alkamar da ta fara tasowa, ya kashe 'yan maruƙa, kamar yadda aka gani a yammacin Kansas a ƙarshen Afrilun 2017.

Cibiyar Hasashen Guguwa da ke Norman a Oklahoma kan bayyana yankunan da ke cikin haɗari har kwana takwas kafin lokaci, amma gargaɗin ƙarshe kan zo ne mintuna kaɗan kafin guguwa ta iso. Saboda haka amfanin hasashen ya dogara ga shirin da iyalai da makarantu da makiyaya suka yi tun sararin sama na tarwai.