A Bar Likita Ya Yanka

Akwai majinyatan da kan tsere daga asibiti da zarar an ce za a yanka lafiyayyen ƙashinsu. A ganina wannan kuskure ne. Idan ƙarshen ƙashin damtse ya ragargaje har cikin gaɓa, tsinin gwiwar hannu yakan tare wurin. Sai likita ya kawar da jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa gefe, ya yanka tsinin da siffar V inda babu guringuntsi, ya jera gutsattsarin yana gani, sa'an nan ya mayar da shi ya ɗaure da waya. Hakika wani lokaci yankan yakan ƙi haɗewa, ko wayar ta dami fata. Amma mai ɗori, duk gwanintarsa, daga waje yake lalube, kuma hannun yana iya sandarewa har ya kasa kai loma baki.