A tambayi asibitin kafin a biya kuɗin makaranta

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyaye da hukumomin tallafin karatu na jihohinmu, masu tura yara ƙasashen waje karatun harhaɗa magunguna. Ana tambayar kuɗin makaranta da masauki da biza, amma da wuya ka ji an ce: a wane asibiti yaron zai yi horon aiki, kuma da wane harshe zai yi magana da marasa lafiya?

A ɗakin magani na asibiti nake aiki, kuma masu horon shekara guda suna bi ta hannuna. Jami'o'i da dama a Masar da Indiya da Turkiyya da Turanci suke koyar da baƙi, amma majinyacin da ke kan gado Larabci yake ji, ko Indiyanci, ko Turkanci. Ɗalibin da bai koyi harshen ba sai ya ƙare a bayan taga yana ƙirga ƙwayoyi, a sa masa hannu a littafin horo, ya dawo gida. Alhali aikinmu ya wuce miƙa magani. Kai ne za ka bi likitoci zagayen gadaje, ka duba fayil ka ga an rubuta wa mai ciwon ƙoda gentamicin fiye da abin da ƙodarsa za ta ɗauka, ka yi magana kafin a yi allurar. Kai ne za ka zaunar da tsohuwa ka fahimtar da ita cewa ba a daina shan maganin hawan jini don an ji sauƙi.

Sannan cututtukan can ba su ne na nan ba. Na ga yaro mai ƙoƙari, wanda ya san littafinsa sarai, ya riƙe kwalbar artesunate yana jujjuya ta, ga jariri an kawo zazzaɓin cizon sauro ya yi masa tsanani. Bai taɓa haɗa ta ba. Garin miligiram 60 ne, a narkar da shi da ɗan ruwan bicarbonate da ke cikin kwalin, a girgiza har ya washe, sannan a ƙara ruwan gishiri. Majinyacin da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wanda ya wuce haka 2.4. Ba laifin ɗalibin ba ne. Inda ya yi karatu ba a ganin irin wannan. Haka batun masu sikila, da gane jabun magani tun daga kwalinsa.

Shi ya sa hukumar kula da aikin harhaɗa magunguna ta ƙasarmu, PCN, ba ta yi wa wanda ya karanto a waje rajista sai ya yi kwas ɗin sanin makamar aikin gida, ya ci jarrabawa, ya kuma yi horon shekara guda. Ingila ma haka take yi wa namu: kwas na shekara ɗaya mai suna OSPAP, horon mako 52, sannan jarrabawar hukumarsu ta GPhC.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu da yaƙin Sudan ya koro daga Khartum a Afrilun 2023, musamman waɗanda karatu ya katse musu daidai lokacin shiga asibiti. Su kam da yawansu sun iya Larabci, sun fara sabawa da majinyata, sai abin ya tsaya.

Roƙona ga hukumomin tallafi shi ne kada su sa hannu da wata jami'a sai ta rubuta sunan asibitin horo, da yawan makonnin, da wanda zai kula da ɗalibi. Su kuma nemi asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato su riƙa karɓar ɗalibanmu masu karatu a waje a lokacin dogon hutu, a damina, sa'ad da ɗakin yara ke cika da masu zazzaɓi.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin magani,
Kano