ZIKIRI BA GASAR CIWON GWIWA BA NE

Wani salo ya ɓullo a tsakanin wasu samari masu zaman zikiri bayan Asuba da masu raya dare a goman ƙarshe na Ramadan. Yaro zai yi zaman tahiya awa guda cur, ƙafa ta sage, gumi yana zuba, amma ba zai motsa ba don kada a ce himmarsa ta yi rauni. Ba su tsaya nan ba. In dattijo ya jingina da bango ko ya miƙe ƙafa saboda ciwon gwiwa, sai a bi shi da harara, a ce ba shi da ladabi. To, wa ya ba su wannan hukunci?

A Suratu Ali Imrana, aya ta 191, Allah Ya yabi masu hankali da cewa suna ambatonSa a tsaye, a zaune da kuma a kwance. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabiru bin Samura cewa Manzon Allah (SAW) yakan harɗe ƙafa bayan sallar Asuba har rana ta fito. A cikin Muwaɗɗa Malik, Abdullahi bin Umar ya harɗe ƙafa a zaman salla kanta, saboda ƙafafunsa ba sa iya ɗaukarsa. Shin waɗannan samari sun fi ɗan Umar tsoron Allah ne?

Masu ganin azaba ita ce lada su tuna da Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya cikin rana yana azumi, ba zama, ba magana. Bukhari ya kawo cewa Annabi (SAW) ya umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Haka kuma igiyar da Nana Zainab ta ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu na masallaci don ta riƙe in ta gaji da tsayuwa, ya sa aka kwance ta.

Dalili a fili yake. Doguwar danne ƙafa tana matse jijiyoyi, sai hankali ya bar ma'anar tasbihi ya koma kan gwiwa. Baki yana istigfari, zuciya tana jiran a shafa Fatiha. In kuwa don idon jama'a ake daurewa, to an faɗa riya, wadda ta fi ciwon ƙafa haɗari.

Saboda haka ɗan'uwa ya fuskanci alƙibla da alwala, ya zauna yadda jikinsa zai natsu: harɗewa, zaman tahiya ko jingina. Ya miƙe bayansa don kada gyangyaɗi ya sace shi, in ƙafa ta gaji ya sauya. Sannan ya kame bakinsa daga dattawan da suka fara ambaton Allah tun ba a haife shi ba.

Allah Ya ba al'umma fahimtar addini. Amin.