Jam'iyyar Talakawa da Matsalar Hannun Hagu

A shekarar 1989, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro wa ƙasar nan jam'iyyu biyu, an shaida mana cewa SDP ta ɗan karkata hagu, ita kuwa NRC ta ɗan karkata dama. A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin tun daga wannan bayani aka yi ɓatan kai. Hagu da dama sun samo asali ne daga yadda wakilai suka zauna a majalisar Faransa a 1789, can suke da ma'ana. Amma je ka Danchadi ka ce wa manomi jam'iyyarka ta hagu ce. Hannun da ba a cin tuwo da shi, ba a miƙa wa babba kaya da shi, wanda ake kiran duk murɗaɗɗen al'amari da sunansa, a ce bahago! Ba mamaki da jama'a suka ajiye aƙidar suka riƙe doki da mikiya.

Mu dubi ainihin irin jam'iyyar da aka kwaikwayo. A Danmak, ƙasar da ba ta kai Jihar Kano yawan jama'a ba, ma'aikata ne suka kafa jam'iyyarsu ta Soshal Dimokurat a 1871, kuma ta girma a jikin ƙungiyoyin ƙwadago. Sai da ta shekara hamsin da uku kafin Thorvald Stauning, tsohon ma'aikacin masana'antar taba, ya zama Firayim Minista a 1924. A 1933 ta jagoranci dokokin da suka mayar da tallafa wa marar lafiya da marar aiki hakki, ba sadaka ba. Ba jam'iyyar waliyyai ba ce. Tsananin da ta nuna wa baƙin haure bayan Mette Frederiksen ta hau mulki a 2019 ya ishi shaida. Sai dai 'ya'yanta ne suka gina ta da kuɗin aljihunsu. Tamu kuwa gwamnatin soja ce ta raɗa mata suna, ta rubuta mata manufa, ta gina mata sakatariya a ƙananan hukumomi, kuma da Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamban 1993, ginin kaɗai ya rage.

Ga shi kuma ba aro muke bukata ba. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ba ta tsaya sayar wa kowa hagu ba. Sawaba ta yi wa talaka alkawari, kalmar da ba ta bukatar tafinta. Magajiyarta PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, kafin rikicin santsi da taɓo ya raba gidan.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne ƙasar Sakkwato. A Sifawa, nan cikin Ƙaramar Hukumar Bodinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa bayan jihadi, kuma a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Duk da haka salamar NPC ce ta yi rinjaye a nan, sannan amincin NPN ta Alhaji Shehu Shagari, ɗan makwabciyarmu, sannan NRC ta ɗauki kujerar gwamna a 1991. Wasu kan ce talakan Sakkwato ne ba ya son canji. Ni ban yarda ba. Masu neman canjin ne suka kasa nuna masa cewa adalcin da suke kira a kai gadon gidansu ne, suka bari abokan hamayya suka zana su a matsayin masu raina manya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota da na taki suka ƙara yi wa manomi nauyi, sai ga masu kiran kansu 'yan ci gaba sun yawaita. Duk wadda ta iso Danchadi da wannan da'awa, ina roƙon malamai da ma'aikatanmu su tambaye ta sunanta da Hausa, sannan su nemi ganin littafin da ta rubuta 'ya'yan mazaɓar da ke biyan kuɗin katinsu da kansu.