Uwar garke a gidan haya: daidai ruwa, daidai gari

Fataken da suka yi zamani da ayarin goro sun san darajar fatoma. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya tsare masa haja, ya shayar masa da dabbobi, amma da sharaɗi: abin da aka yi ciniki a kansa shi kaɗai za a ci a sha. Yau ga wani sabon fatoma ya bayyana a harkar intanet. Kamfanoni ne masu manyan gine-gine a Paris, Landan, Frankfurt ko Legas, waɗanda ke karɓar na'urar mutum su aje ta, su ba ta wuta da sanyi da hanyar sadarwa dare da rana. Na'urar ita ce ake ce ma uwar garke, watau kwamfutar da ke riƙe da lissafin kamfani, wasiƙunsa da shafinsa na intanet, sauran kwamfutoci suna ɗibar aiki daga wurinta.

Dalilin kai na'ura haya a bayyane yake ga duk wanda ya ga watan Ogusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta tsinke layin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, har sai da aka ɗage takunkumi a 2024. Kamfanin da ajiyarsa ke cikin biro, in kuran ya ɗauke, cinikinsa ya tsaya ke nan. To amma shi ma gidan hayar da tasa ƙa'ida, kuma babbarta ita ce iyakar wuta.

Wurin da ake bayarwa ƙarami ne. Ana jera na'urori cikin kabad na ƙarfe mai faɗin inci 19, kowane gurbi tsayinsa milimita 44 da ɗan kai. A Ingila, gidaje da yawa na haɗa gurbi guda da rabin amfer na wuta. Lissafin mai sauƙi ne: rabin amfer sau bolt 230 ya ba da wat 115, watau kaɗan ya ɗara tsohon ƙwan fitila mai wat 100. Mai gida ba rowa yake yi ba. Wat guda da ke ci ba tsayawa ya kai kilowat-awa 8,76 a shekara, wat 100 kuwa 876. Sannan duk wutar da na'ura ta sha zafi take komawa, shi kuma zafin sai an sake kashe wata wutar kafin a fitar da shi. Binciken cibiyar Uptime Institute na 2023 ya nuna cewa, a matsakaici, kowane wat da ya shiga na'ura yana jawo fiye da rabin wat na sanyaya da sauran hidima. Da farashin makamashi ya hau a Turai a 2022, gidajen haya da dama sun ƙara kuɗi.

Wanda ya wuce iyaka, abu biyu ke jiransa: ko a ƙara masa kuɗi kowane wata, ko makarin wuta ya faɗi na'ura ta mutu, kamar yadda yake faruwa a gida in an kunna dutsen guga da firji a kan ƙaramin ma'aunin kuran. Bambancin shi ne, a gida miƙa hannu ake yi a tada makari. A Landan kuwa sai an biya ma'aikaci ladan taɓa maɓalli, ciniki na tsaye.

Saboda haka mai hankali daga iyaka yake fara ƙira, kafin ya leƙa kasuwa. Ya kan ware kashi 20 cikin 100 ya bar shi sarari, abin da ya rage daga wat 115 shi ne 92. Cikin wat 92 ɗin nan ne kowane ɓangare zai samu rabonsa.

Na farko ita ce ƙwaƙwalwar na'ura. Manyan Xeon da EPYC na sabon yayi na iya shan wat 200 zuwa sama da 300 su kaɗai, don haka ba su shiga wanga lissafi. A ɗaya gefen akwai Intel N100 da ya fito a 2023, mai wat 6, wanda ya ishi ƙaramin shafi da wasiƙun biro guda. Tsakaninsu akwai masu wat 35. Nan ne ake yin tuntuɓe, domin lambar da ke jikin kwali ba ita ce ƙarshen cin wutar ba: Core i5-13500T da aka rubuta ma wat 35 yana iya haurawa zuwa 92 in aiki ya yi nauyi. Maganin abin shi ne a shiga saitin tushe na BIOS a ɗaure shi a 35. Gudu zai ɗan ragu, amma jakin da ya isa kasuwa ya fi dokin da ya faɗi a hanya.

Na biyu shi ne wurin ajiya. Faifai mai juyawa na inci 3,5 yana cin wat 5 zuwa 8 in yana aiki, amma a daƙiƙoƙin farko na tashi yakan fizgi 20 zuwa 25. Huɗu in suka tashi tare sun kusa wat 100, an cinye rabo tun ba a fara aiki ba. Ko dai a saita su su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ko a koma ga faifan SSD wanda ba ya juyawa, mai cin ƴan wat kaɗan.

Na uku su ne ƙananan da ake renawa. Fankokin milimita 40 da ke cikin siririyar na'ura suna juyawa da gudun tsiya, kowace na iya shan wat da dama in ta ƙure. Kowane sandan ƙwaƙwalwar wucin gadi kamar wat 3 ne, don haka manya biyu sun fi ƙanana huɗu. Akwai kuma ɗan guntun da ke ba mai na'ura damar kashe ta da kunna ta daga nesa, wanda ke cin wat 5 zuwa 10 ko da na'urar na kashe. Shi kam bai kamata a yi tsimi a kansa ba, domin ya fi tikitin jirgi araha.

Na huɗu shi ne akwatin da ke juya wutar bango zuwa wadda na'ura ke sha. Tsarin 80 Plus da aka fara a 2004 ya shardanta kada asara ta wuce kashi 20 cikin 100, amma ana auna shi ne daga kashi 20 na nauyin akwatin zuwa sama. Matakin Titanium kuwa yana buƙatar kashi 90 tun daga kashi 10. Akwatin wat 800 da aka ɗora ma wat 60 yana aiki a inda ya fi ɓarna. Mai wat 200 ya fi dacewa.

Ga misalin lissafi: ƙwaƙwalwa 35, babban allo da guntun kula daga nesa 10, sanduna biyu 6, SSD biyu 10, fankoki 6, hanyar sadarwa 3. Jimla wat 70. In akwatin wuta na ba da kashi 90 cikin 100, abin da za a ja daga bango ya kai wat 78, ƙasa da 92.

Sai dai lissafin takarda ba ya maye gurbin awo. Kafin a ɗaure kaya, a sa ɗan ma'aunin wuta a bango a duba sau uku: lokacin tashi, lokacin hutu, da lokacin da aka ɗora ma na'ura aiki iya ƙarfinta na tsawon awoyi. A karanta amfer, domin shi mai gida ke aunawa, kuma yakan ɗara abin da lissafin wat ya nuna. A kuma nemi amsa a rubuce: matsakaicin wata ake dubawa ko ƙololuwa, kuma nawa ne kuɗin abin da ya hau? Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya loda mota bai san nauyin da gada ke ɗauka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.