Digirin Tsaron Intanet: Wane Iri Ne Zai Amfani Mutanen Tsibiri?

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin jarrabawar shiga jami'a, akwai wani kwas da sunansa ke yawan fitowa daga bakin matasanmu, wato karatun tsaron intanet da binciken ƙwaƙwaf na na'urorin zamani. Iyaye da dama daga yankinmu na Tsibiri da Maradun da Bakura da Talata Mafara kan tambaye ni, kasancewata malamin jami'a, ko wannan karatu yana da makoma, ko kuwa yayi ne kawai da zai wuce kamar sauran. Amsar da nake ba su ita ce yana da makoma, kuma babu wata jiha a Nijeriya da ta fi Zamfara bukatarsa. Sai dai akwai sharaɗi, kuma wannan sharaɗin ne dalilin rubutun nan: matuƙar za a koyar da shi ba tare da harshen mutanenmu da dokar shaida ta ƙasarmu ba, to za mu yaye ɗalibai masu takarda waɗanda ba za su iya share mana hawaye ba.

Bari mu tuna abin da ya faru a shekarar 2021, domin kuwa waiwaye adon tafiya ne. A ranar 26 ga Fabrairu, 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren Jangebe da ke Ƙaramar Hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. A tsakiyar Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura, suka tafi da ɗalibai 15 da wasu ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma suka ɗauke ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta garin Kaya da ke Ƙaramar Hukumar Maradun. Ƙananan hukumomi uku, makarantu uku, cikin watanni bakwai. Kwana biyu bayan na Kaya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su katse sabis a duk faɗin jihar bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, aka haɗa da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka. Da farko an ce mako biyu ne. Gusau ba ta ga sabis ba sai a farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba.

Sunan Tsibiri dai kowa ya san ma'anarsa. A waɗannan watanni Zamfara duka ta zama tsibiri. Mai ɗan shagon POS ya rufe, ɗan kasuwar da ke jiran kuɗin hatsinsa daga Ikko ya yi ta jira, wanda mahaifiyarsa ta rasu sai da ya shiga mota zuwa wata jiha kafin ya sanar da 'yan'uwa. Ƙauyen da aka kawo wa hari ba ya da hanyar neman agaji. Su kuwa waɗanda aka yi abin dominsu, rahotanni sun nuna sun koma aika wasiƙun hannu da manzanni, wasunsu suka gangara ƙauyukan Sakkwato da Katsina, har aka katse sabis a wasu ƙananan hukumomin can ma.

Ban kawo wannan tarihi don in zargi kowa ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga abin da rashin ƙwararru ke jawowa. Wanda ba ya iya tsamo kifi ɗaya daga kogi, shi ne ke tunanin ƙafar da kogin duka. Kowane kiran da ɗan bindiga ya yi don cinikin kuɗin fansa yana barin sawu a rumbun kamfanin waya: lambar da ta kira, lambar da aka kira, lokaci, tsawon magana, turken sabis ɗin da wayar ta kama, da kuma lambar shaidar ita kanta wayar, wadda ba ta canjawa ko da an sauya layi. Sashe na 38 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni adana irin waɗannan bayanai har shekara biyu. Tun Disambar 2020, zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, gwamnati ta tilasta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa. Ashe dai sawu yana nan, masu bin sawun ne suka yi ƙaranci. Bin wannan sawu, da kare hanyoyin sadarwa na bankuna da asibitoci da ofisoshin gwamnati daga masu kutse, shi ne ainihin abin da wannan digiri ke koyarwa.

To, ina ruwan mai nazarin harshe da wannan batu? Ruwansa babba ne. Littattafan da ake koyar da wannan fanni da su an rubuta su ne a Amurka da Ingila, inda mafi yawan shaida rubutacciya ce: wasiƙar imel, takardun banki, bayanan da aka goge daga kwamfuta. A Tsibiri kuwa shaida murya ce. Mai neman kuɗin fansa ba ya rubuta imel. Kira yake yi, ko ya tura saƙon murya ta WhatsApp, ko ya fito a TikTok yana baje kuɗi. Da Hausa yake magana, ko da Fulfulde, ko ya gauraya su, yana sakaya zance da kalmomin da sai ɗan gari ke gane inda suka dosa. Ɗalibin da ya iya ciro saƙon da aka goge daga waya, amma bai iya rubuta abin da aka faɗa daidai ba, bai iya bambance karin harshe ba, bai iya fassara shi ga alƙali ba tare da ƙari ko ragi ba, ya yi rabin aiki ne kawai.

Mu ɗauki misali mai sauƙi. Inda Bakano zai ce "me kake so," mutumin yankinmu cewa zai yi "mi kaka so." Inda wancan zai ce "shi ne ya tafi," namu zai ce "shi na yat tahi." Can a ce "fara," nan a ce "hwara." Waɗannan manyan alamu ne da kowa ke ji. Akwai kuma ƙanana, na tsawon wasali da hawa da saukar murya da zaɓin kalma, waɗanda sai an yi nazari da na'ura ake tantance su, kuma suna iya taimakawa wajen ƙunƙunce yankin da mai magana ya taso, ko a gwada ko muryoyi biyu na mutum ɗaya ne. Wannan ilimi ne mai zaman kansa. Masani Jan Svartvik ya fito da sunan fannin a 1968, kuma a yau Jami'ar Aston da ke Ingila tana da cibiya sukutum ta nazarin harshe don aikin shari'a.

Wani abu da ya faru a Ingila ya isa darasi ta fuska biyu. A 1979, lokacin da 'yan sandan Yokshiya ke farautar wani mai kisan mata, aka aiko musu da kaset na wani mutum da ke iƙirarin shi ne makashin. Masanin karin harshe Stanley Ellis na Jami'ar Lids ya saurari muryar, ya ce mai ita ya taso ne a wajajen unguwar Castletown ta birnin Sandalan. Shi da abokin aikinsa suka kuma gargaɗi 'yan sanda cewa mai yiwuwa kaset ɗin na ƙarya ne, kada a wanke wani don kawai karinsa ya bambanta. Ba a saurare su ba. Aka yi ta sallamar ainihin makashin, Peter Sutcliffe, saboda ba ya magana da wancan kari, har ya ƙara kashe mata uku kafin a kama shi a Janairun 1981. A 2005 aka cafke wanda ya aika kaset ɗin, John Humble, sai ga shi ɗan wata unguwa ce da ke kusa da inda Ellis ya nuna. Ilimin ya yi daidai, rashin sanin iyakarsa ne ya jawo asarar rayuka.

Wannan gargaɗi ya fi shafarmu. A jihar da gaba ta riga ta shiga tsakanin maƙwabta, inda aka sha kashe bayin Allah a kasuwa don kamanninsu ko harshensu, babu abin da ya fi haɗari kamar mai rabin ilimi da zai ji murya ya yanke hukunci. Jin Fulfulde a cikin kaset ba ya nuna mai laifi, kamar yadda jin Zamfarci ba ya wanke kowa. Ƙwararre na gaskiya ba ya rantsuwa cewa wannan muryar wane ce. Yana bayyana gwargwadon ƙarfin kamanni ne, tare da faɗin abin da zai iya rage masa tabbas, irin su ƙarar iska da lalacewar sauti a waya. Ga kuma sabuwar fitina ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren sauti. Gobe za a iya ƙaga muryar basarake ko ɗan siyasa yana ciniki da ɓarayi. Wa zai tantance mana gaskiya da ƙarya in ba wanda ya san na'ura kuma ya san harshe ba?

Abu na biyu shi ne doka. Komai kyan bincike, idan ya faɗi a gaban alƙali, ya zama aikin baban giwa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta, ciki har da tabbatar da cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Don haka dole ɗalibi ya koyi yadda ake kwafe abin da ke cikin waya ba tare da an taɓa asalinsa ba, da yadda ake rubuta sunan duk wanda wayar ta bi ta hannunsa tun daga daji har zuwa kotu. Dole kuma ya san Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, domin ilimin da ke kama ɓarawo shi ne dai ke iya leƙen sirrin ɗan adawa ko ɗan jarida.

Na san masu ja za su kawo hujjoji, kuma ba na raina su. Za su ce ina wuta, ina kayan aiki? Gaskiya ne wasu na'urorin buɗe waya suna da ɗan karen tsada. Amma Wireshark da ake nazarin zirga-zirgar bayanai da shi, da Autopsy da ake binciken rumbun kwamfuta da shi, da Praat da masana biyu na Jami'ar Amstadam suka ƙirƙiro don nazarin sauti, duk kyauta ake sauke su. Ɗaki ɗaya mai sola da kwamfutoci masu ƙwari ya isa a fara. Za su ce waɗanda aka horar za su gudu Abuja da Ikko da Turai. Wasu za su tafi, ko shakka babu, kamar yadda likitoci ke tafiya, amma ba mu taɓa rufe makarantar likitanci saboda haka ba. Maganin shi ne a samar musu gurbi a ma'aikatar shari'a da sauran hukumomin jiha. Hujja mafi nauyi ita ce sanin inda ɓarawo yake daban, kama shi daban. Gwamna Dauda Lawal da bakinsa ya faɗa a 2025 cewa ya san inda manyan 'yan bindigar suke, amma ba shi ke ba jami'an tsaro umarni ba. Na yarda digiri ba ya maye gurbin niyya. Sai dai ranar da niyyar ta zo, da me za a gurfanar da mai kai musu fetur da mai karɓar musu kuɗi da mai tsegunta musu sirrin gari, in ba da shaidar da za ta tsaya a kotu ba?

Abin farin ciki shi ne ƙofa a buɗe take. Sabuwar manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta daɗe da sashen tsaron intanet, Jami'ar Bayero ma tana ba da wannan digiri, don haka akwai inda za a nemi shawara da malamai. Kirana ga Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, shi ne su zaunar da malaman kwamfuta da na Hausa da na shari'a a tebur ɗaya. A sa darasin ilimin furuci, da na kare-karen Hausa, da Fulfulde, da dabarun rubuta magana da fassara, da dokar shaida, da ɗa'ar aiki. A kuma fara tattara muryoyin mutanen Gummi da Shinkafi da Tsafe da Maradun, da yardarsu kuma ba tare da sunayensu ba, domin in babu irin wannan rumbu babu ma'aunin da za a gwada wata murya da shi.

Ga iyaye kuwa, shawarata ita ce kafin ku biya kuɗin rajista ku tambaya: hukuma ta amince da kwas ɗin? Akwai ɗakin gwaji, ko a allo kawai ake zana kwamfutar? Ga ɗalibi, lissafi da haƙuri da riƙon amana su ne jarinka, kuma kada ka ji kunyar "mi kaka so" ɗin da ka tashi da ita. Kwamfuta kowa na iya koya a ko'ina cikin duniya, amma kunnen da ke bambance maganar Bakura da ta Ƙauran Namoda, a nan kaɗai ake samunsa.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.